Motar da Ke Riƙe da Iyakar Gonar Gwaggona

Edita, ina roƙon fili in faɗi wani abu da na aikata, wanda har yau ban iya faɗinsa a gaban 'ya'yana ba. A lokacin ni dillalin kayan gona ne a Ikara, shekaruna arba'in da 'yan kai, ina sayen barkono da tumatir da rake a hannun manoma ina turawa birni. Ban gaji sana'ar a gida ba. Da dako na fara a kasuwar Makarfi, buhu a ka, har Allah ya buɗa na kama rumfa. Abin da nake taƙama da shi ɗaya ne, ba a taɓa yi mini wayo a ciniki ba. Ina taɓa bakin buhu na san abin da ke ƙasansa. Abokan sana'a sukan ce idona sikeli ne, ni kuma maganar tana yi mini daɗi fiye da kima.

Matsalata a kowace shekara ita ce damina. Da ruwa ya zauna, hanyoyin ƙauyukan Gubuchi sai su koma taɓo, motar haya ba ta shiga, kuma duk wanda ya fara isa bakin gona shi ke kwasar kaya masu kyau. Ina cikin wannan tunani na tuna da tsohuwar akori-kurar mijin Gwaggona, yayar mahaifina. Irin motocin dā ce masu ja da ƙafa huɗu, ƙarfe zalla. Da ita marigayin yake fito da rake daga fadama. Shekarar da ciwo ya kama shi ta mutu masa a gefen gona, ya ce in ya warke zai tashe ta, bai warke ba. Ta fi shekara ashirin a wurin. Tayoyin sun ruɓe sun nutse a ƙasa, gara ta yi gini a kujera, wata darbejiya ta tsiro ta ɓula bayanta ta zama bishiya. 'Yan jari-bola sun sha zuwa, Gwaggo tana korarsu.

Na je na gaishe ta, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ta yi dariya, ta tambaye ni ko yanzu har gawar mota nake dillanci. Sannan ta daina dariyar ta yi mini bayani dalla-dalla, don haka ba zan ce ban sani ba. Gonar tata ba ta kai bakin rafi ba sai ta wata 'yar siririyar ƙasa, kuma ta nan surukarta, matar ɗanta da ya rasu, take sa a jawo ruwa su yi albasa da rani, da shi suke ci da marayu huɗu. Yamma da wannan siririyar ƙasa gonar wani Alhaji ce, babban manomi. Dattawan da suka san asalin iyakar duk sun mutu. Abin da kowa ya sani a garin shi ne, iyaka daga motar take ta miƙe zuwa rafi. Gwaggo ta ce ba sayar mini za ta yi ba, ɗan ƙaninta ba ya sayen abu a hannunta, in ɗauka ta ba ni. Sharaɗinta guda ne: kafin taya ta motsa, in kira mai unguwa da Alhajin da dattawa biyu, a kafa turken ƙarfe da siminti a inda motar take. Na ce mata ta ɗauka an gama. A ranar na sayi bututun ƙarfe da buhun siminti na ajiye a rumfa.

Na ɗauko wani tsohon makanike daga Kudan, wanda a kan irin waɗannan injuna ya tsufa. Da ya buɗe bonet ya ga sheƙar ɓeraye, ya dube ni ya ce ko dai liman zai kira mini, don wannan sallar gawa take buƙata. Amma da ya shafa injin sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce injin ya kama ne kawai, bai fashe ba. Ya cire nozul, ya ɗura kananzir da man juye a kan fistin, ya ce a bar ta ta sha na kwana biyar, ita ma tsohuwa ce, ba a tashinta da garaje. Muka haƙa rami a ƙarƙashin injin muka tsiyaye tsohon baƙin mai a ciki, ya fito kamar kwalta. Muka sauke tanki muka wanke tsatsa da tsakuwa. Wayoyin duk ɓeraye sun cinye, sai sababbi aka ja, tayoyi ma aka sa wasu. Lagireto da famfon mai sai da na je Zariya sau uku kafin na samo na wata irinta da aka yanka. Mako uku na bar rumfa, ina kwance a ƙasan mota ina miƙa sifana. Ban taɓa son wani abu na duniya kamar yadda na so in ji kukan injin nan ba.

Alhaji maƙwabcin gonar kullum sai ya zo. Abokin cinikina ne, rabin barkonon da nake samu daga gonakinsa da na mutanensa yake fitowa. Ƙanena yake kirana. Yakan sa a kawo mana fura, ya zauna a inuwa yana tsokanar makanike cewa in motar nan ta tashi shi zai yi mata yankan suna. Da muka zo kan darbejiyar da ta riƙe bayan motar, shi ya ce kada in wahala, ya turo leburorinsa suka sare ta, suka tono kututturen har saiwa, suka cike ramin suka daddaɓe. Na yi masa godiya har da riƙe hannu. Ni da nake ganin ƙasan buhu daga bakinsa, ban tambayi kaina me ya sa mutum zai biya leburori su tone saiwar bishiyar da ba ta tare masa komai ba.

Ranar da ta tashi, da hantsi ne. Makanike ya sa sabon batir, ya ce in yi bismilla in murɗa. Ta yi tari sau biyu ta yi shiru. A na uku ta girgiza, ta tofar da baƙin hayaƙi da ɓawon gyaɗar ɓeraye ta salansa, ta tashi. Mutanen da ke gonaki suka yar da fartanya suka taho. Makanike ya ce kada in kashe ta, in ja ta yanzu ta yi zafi, batir ya ɗauki caji. Maganar turke ta faɗo mini a rai, ba zan yi ƙarya ba. Na ce a zuciyata gobe ma rana ce, ramin tayoyi huɗu ba zai gudu ba. Na sa giya ta fito daga inda ta kwana shekara ashirin, na bi ta ƙofar gidan Gwaggo ina danna hon. Ta fito ta tsaya a zaure, ta tambaye ni ko an kafa. Na ce gobe da safe.

Goben nan ta zama mako, makon ya zama wata. Motar ta buɗe mini ƙauyukan da ban taɓa shiga ba, har Janfalan nake kwaso kaya. Sau biyu Gwaggo ta aiko a tuna mini, ina cewa ina nan tafe. Ruwan farko na sauka Alhaji ya sa tarakta ta yi huɗa, ta bi ta kan ramukan tayoyin, ta haɗa da siririyar ƙasar nan gaba ɗaya har bakin rafi. Da surukar Gwaggo ta yi magana, ya ce shi iyakarsa ya nome, motar ai can gabas take da nisa.

Aka kai magana gaban dagaci, aka fita gona. Kowa ya yarda iyaka daga motar take, amma ba motar, ba bishiyar, sai kunyoyi iri ɗaya. Wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can. Dagaci ya ce ni ne na yi mako uku a wurin, in nuna. A nan ne laifina na gaskiya yake, Edita, sakacin turke ƙarami ne a kansa. Na san wurin. Ko da idona ya ruɗe, na san baƙin man da muka tsiyaye yana nan a ƙasa, tarakta ba ta kai zurfinsa ba, fartanya ɗaya za ta fito da shi. Amma da safen nan, kafin a taru, Alhaji ya ja ni gefe ya tambayi lafiyar iyali, ya ce barkonon bana zai yi kyau, kuma shi ba ya son ya canza dillali. Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Na taka kunyoyin nan na kai na komo kamar mai nema, na tsaya daidai kan wurin, sannan na ce wa dagaci gaskiya ƙasa ta canza, ba zan iya rantsewa ba. Dagaci ya ce ba ya hukunci babu shaida. Gwaggo tana zaune a gefe a kan tabarma. Ba ta dubi Alhaji ba, ni ta duba, ta ce ta bar wa Allah, ta nemi a kama ta ta tashi.

Bayan kaka abin ya hana ni sukuni, na koma wa dagaci na faɗi maganar man. Muka je, muka tarar Alhaji ya haƙa babban rami a daidai wurin ya girka injin ban-ruwa, ƙasar da aka fitar an kwashe. Barkonon ma ban samu ba, wani dillalin Alhaji ya ba wa. Da na tare shi a kasuwar Makarfi, a gaban mutane ya yi murmushi ya ce, ƙanena, wanda ya iya yin shiru a kan gwaggonsa, ni wane ne da zan ba shi amanar kayana. Bai yi ƙarya ba.

Na je wa Gwaggo na faɗa mata komai, har jan da aka yi mini gefe. Ta ce ta sani, tun da ta ga inda ƙafata ta tsaya. Na ce zan sayo musu wata gonar a bakin ruwa, ta ce tata take so, wadda mijinta ya sare. Na ce to in mayar da motar, ta ce in mayar da ita ta tsare me. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, tana amsa gaisuwata har ƙarshenta. Sai dai daga ranar mai mota take kirana. Da ciwon ajali ya kama ta, na zo da motar don a kai ta asibiti, ta ce a nemo mata mashin. A bayan mashin aka kai ta, an riƙe ta ta baya, ina biye da su a hankali da mota ba kowa a ciki. Hatsin da nake aikawa gidan yanzu surukarta tana karɓa saboda yara, amma da rani ita da manyan 'ya'yanta ƙwadagon cirar albasa suke yi, wani lokaci a kan ƙasar da tasu ce.

Abin da na koya ba mai daɗin faɗi ba ne. Na daɗe ina gaya wa kaina Alhaji ne ya yi mini wayo. Wayonsa ya tsaya a kan saiwar bishiya, sauran ni na yi da hankalina, na auna gwaggona da barkono na ga barkono ya fi nauyi. Ga 'yan uwana masu saye da sayarwa: idan kun ga tsohon abu a yashe a ƙauye, mota ce, kututture ne, rusasshen bango ne, kada ku ce ba ya aikin komai. Ku tambayi tsofaffi abin da yake tsarewa, kuma in an kafa muku sharaɗi ku cika shi kafin ku murɗa makulli. In kuma aka kira ku shaida a kan abin da kuka sani, ku faɗa a ranar, a tsaye a wurin. Ni na faɗi tawa bayan wata biyar, ba ta dawo wa marayun nan da ko taki ɗaya ba.