Vernon da Ciyawar Miss Ianthe

Taubashina Vernon Lindqvist shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa motar share ƙanƙara a garin Duluth na Amurka. Wata takwas yana ture ƙanƙara, wata huɗu yana bautar ciyawar ƙofar gidansa. Na rantse har da almakashi na taɓa ganinsa durƙushe yana yi mata aski.

Da ya yi ritaya, matarsa Marlys ta bugo min waya, wai in taimaka in ɗauke shi kafin ta haukace. Ni kuwa na daɗe a tsibirin St. Croix, sai na samo masa aikin wata uku a masaukin baƙin Miss Ianthe Petersen, can kan tudu. Gyaran ƙofa ne da ɗan fenti. Ni na tsaya masa, na ce mutumin kirki ne, kansa ne dai ba ya ja sosai.

A watan Afrilu, ana tsakiyar rani, Miss Ianthe ta tafi duba 'yarta na kwana goma. Vernon ya dubi ciyawar gidan ta bushe kamar gashin tsohuwar akuya, hankalinsa ya tashi. Ya jawo tiyo. Safe ruwa, yamma ruwa, har da wanke matakala.

Ranar da na ɗauko Miss Ianthe daga filin jirgi, tun daga gindin tudu muka hango gidan kore shar. Maƙwabta sun jeru a bakin shinge sun zuba wa ciyawar ido kamar an yi rasuwa. Ba ta ko ajiye jaka ba, ta wuce ta ɗaga murfin tankin ƙarƙashin gida. Ruwan saman da rufinta ya tara tun bara, babu ko na wanke cokali. Kwaɗo ɗaya muka tarar, shi ma yana hararmu. Ga baƙi shida za su sauka jibi.

Vernon, da murmushinsa, ya ce a kira ma'aikatar ruwa mana.

Ta nuna masa sama da yatsa. "Mista Vernon, ga ma'aikatar can. Kira su."

Sai a lokacin bawan Allah ya gane babu bututun gwamnati a tudun nan. Ya zauna daɓas a kan ciyawarsa, fuskarsa ta yi ja kamar tumatir.

Ba ta kore shi ba. Masu motar sayar da ruwa suka ce sai mako mai zuwa, don haka ta kulle tiyon a ɗakinta, ta miƙa masa jarka biyu ya riƙa roƙo gida-gida. Ni ma ta miƙo min biyu, tunda ni na kawo shi.