Tsamiyar da Muke Kwantar da Kwayil

Jiya da hantsi ina wucewa ta bakin garejin da ke hanyar kasuwa, sai iska ta kawo mini wani wari siriri mai ɗaci, kamar an ƙona gashi a cikin man gyaɗa. Na tsaya cak, har mai acaɓa ya yi mini oda. Wanda bai tashi a gidan direba ba zai wuce abinsa. Ni kuwa na san warin kwayil ɗin mota ne da ya ƙone, kuma nan take na koma yarinya, ina zaune a gaban mota ina kallon bayan babana ya sunkuya cikin inji.

Innata ta rasu da damina, lokacin da na fara iya riƙe alƙalami a kan allo. Muka rage mu uku a gidanmu na Kazaure: babana, da goggona wadda kunnenta ya yi nauyi, da ni. Ni ce 'yar fari, don haka babana ba ya kama sunana, ba ya kuma doguwar magana da ni. "Ke" ce kawai, ko "yarinyar nan". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, amma yaro bai san bambanci ba. Gidan ya kan yi tsit, har in riƙa jin ɗigar ruwa daga indararo zuwa cikin tulu.

Abin da ya rage mana na innata yana Roni, wato mahaifinta. Tsohon direban manyan motoci ne, shi ke gyara kayarsa da hannunsa. Da yanar ido ta rufe masa gani, sai ya ba babana a-kori-kurarsa, da ita muke ci. Babana na ɗaukar gero da gyaɗa zuwa kasuwar Gwiwa, wani lokaci har Babura. Bayan rasuwar innata mutane sun zaci zumuncin zai tsinke, tunda igiyar da ta ɗaure su ta tafi. Amma babana bai daina zuwa ba. In an sauko daga Juma'a ya kan ce, "Ke, ɗauko mayafinki," sai in san Roni za mu.

Kwayil wani ɗan gwangwani ne dogo da ke aika wuta zuwa filogi. In ya mutu, mota ta mutu. A cikinsa akwai siririyar waya da aka nannaɗe, da mai da ke sanyaya ta. Kafin kakana ya miƙa motar, shi ya ɗaure kwayil ɗin da hannunsa, a kwance. Ya ce girgizar hanya ce ke kashe kwayil, a kwantar da shi kamar jariri. Ba a daɗe ba kwayil ɗin ya ƙone a hanyar Gwiwa, da buhuna cike a baya. Aka sa wani a kwance, shi ma ya ƙone a hanyar Babura, bakinsa na tsattsafar da mai. Babana ya juya shi a hannu ya gane abin: in yana kwance man na gangarewa gefe guda, yana zurara ta baki, wayar sama ta zauna babu mai, zafi ya cinye ta. Ya tsayar da sabon kamar alif, bakinsa sama. Daga nan bai ƙara ƙonewa ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Duk zuwan da za mu yi, sai kakana ya sa an buɗe masa bonet ya shafa injin da hannu, kuma kwayil yake fara lalube. Wannan ne kaɗai aikin da ya rage masa a duniya. In ya same shi a tsaye, kamar surukinsa ya dube shi ne ya ce, ka yi kuskure. Babana kuwa ko ido ba ya haɗawa da shi.

Akwai wata tsamiya kafin a shiga Roni, inda duwatsu ke fara bayyana. A nan babana ke tsayawa. Ya ɗauko sufana, ya kwance notin da ke riƙe da shi, ya kwantar da kwayil ɗin yadda tsohon ya bar shi. Ƙarfen na da zafi, ya kan naɗe hannunsa da tsumma, duk da haka yatsunsa sun yi tabo. In za mu koma gida, a nan zai sake tsayawa ya miƙar da shi. Ranar farko ya leƙo ta taga ya ce, "Ke, abin da kika gani a nan, a nan zai tsaya." Ina jin ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini a shekarar.

In mun isa, tun daga nesa babana ke cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma, kansa a ƙasa. Ni kuwa faɗawa nake yi jikin tsohon, don tsakanin jika da kaka babu shamaki.

"Amaryata ta zo! Me kika kawo wa angonki, ko yau ma hannu rabbana?"

"Wa zai auri mai haƙori biyu?"

"Biyun nan sun fi na babanki ƙarfi. Kama ni mu je mu ga motata."

Sai in ja shi. Ya shafa waya, ya shafa filogi, ya dafa kwayil. "A kwance yake?" Babana daga baya ya ce, "A kwance yake, Baba." Tsohon ya ce madalla. Na daɗe ina tambayar kaina ko wannan ƙarya ce, don malaminmu ya ce maƙaryaci ba ya jin ƙanshin aljanna. Amma lokacin da ake tambayar, ai a kwance yake.

Wata rana da bazara, zafi ya sa ko kaji sun buɗe baki, babana ya tafi gaida wani mara lafiya a cikin gari, ya bar mu a jikin motar. Kakana ya kamo hannuna ya ɗora a kan notin da ke riƙe da kwayil.

"Amarya, me kika ji?"

"Santsi."

"Taɓa na kusa da shi."

Wannan kuwa tsatsa ce, har tana kama yatsa.

"Notin da ba a taɓawa tsatsa yake yi," in ji shi. "Ido na rasa, ban rasa hannu ba. A ina babanki yake tsayawa?"

Na janye hannuna daga kan notin. Na tuna maganar babana. Tsohon ya yi dariya har da tari. "Bari, kada ki faɗa. Tsamiya ce, babu wata inuwar kirki a hanyar." Sai dariyar ta ɗauke. Ya jingina da motar.

"Gaskiyar babanki ce. Kwayil ɗinmu na da, wani abu kamar kwalta ne a ciki, ko kife shi ka yi babu ruwansa. Na yanzu mai ne, tsaye yake so. Amma kada ki gaya masa na sani. Na san halinsa, kunya za ta hana shi tako garin nan. In rasa motata, in rasa amaryata, in zauna ni da bango." Ya share bakinsa da gefen riga. "Mutumin da zai ƙona yatsunsa don kada tsoho ya ji kunya, ban yi asarar 'yata a gidansa ba."

Tun daga ranar na zama mai riƙon amana biyu, ta babana da ta kakana, kuma babu wanda zan sauke wa ko ɗaya. Goggo ba ta ji, innata ba ta nan. In muka tsaya a tsamiya ina kallon babana yana hura yatsunsa, maganar ta kan zo mini har wuya, sai in haɗiye. In muka isa kuma, su yi tambayarsu da amsarsu kamar kullum, tsohon ya matsa hannuna kaɗan. Haka muka ci damina, muka ci kaka, shekara na bin shekara, kuma ba mu daina zuwa ba.

Allah ya karɓi kakana lokacin girbin gero. Aka aiko mana da sassafe, muka kama hanya har da goggo. Da muka iso tsamiya, babana ya taka birki. Ya fita, ya buɗe bonet, ya naɗe hannunsa da tsumma. Goggo ta ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa, ta ce, "Yau kuma wa zai duba?" Babana ya ɗauko sufana. Ya kwantar da kwayil ɗin, ya ɗaure notin sosai, ya rufe, muka shiga gari. A ranar na yi niyyar gaya masa. Amma mai amanar bai sake ni ba kafin ya tafi, ban kuwa ga ikon da nake da shi na sakin kaina ba. Babana ya bi shi bayan shekaru, bai sani ba. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a inda babu sauran kunya.

Ɗana yana da mota yanzu. Na tambaye shi ko kwayil ɗinsa a tsaye yake ko a kwance, ya yi dariya ya ce na zamani busassu ne, babu mai a ciki, duk yadda aka ɗaura su daidai ne. Na ce madalla, an huta. In ya kai ni Roni, hanyar ta yi kyau, ba ya ko rage gudu. Tsamiyar na nan, masu sayar da rake sun kama inuwarta. Na kan ce ya tsaya, ya kan tsaya, ya tambaye ni ko rake nake so. Sai in ce a'a. In karanta musu ƙulhuwallahu a raina, in shafa, in ce mu je.