Audugar Inna da Tsohuwar Motar Baba

Rannan ɗana ya ɗauko ni daga gidan suna a Kano, muka tsaya a danja, sai motarsa ta kama kakkarwa, sitiyari na rawa a hannunsa. Ya yi tsaki, ya ce gobe zai kai a jona mata kwamfuta. Ni kuwa tuni hankalina ya koma Garo, ƙofar gidanmu, zamanin da gyada ke da daraja.

Baba yana da wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako, wadda ta gama wahala a hannun mutum uku kafin ta iso gare shi. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ma ya daɗe da mutuwa. Da shanun Inna, mahaifiyarsa, aka saye ta, shanu huɗu na gado, har da wata ja da take ji da ita. A ɗakin Inna nake kwana, don haka na san ba ta taɓa cewa "motar" ba, sai dai "shanuna."

In damina ta ɗauke aka tone gyada, gari ya cika da ƙamshin harawa, buhuna suka taru a wurin awo, to lokacin Baba ne. Daga Gwarzo da Garo yake kwasa zuwa Kano, kuma abin da ya samu a watannin nan shi muke ci shekara.

Wata shekara sai mota ta ɓullo da wata cuta. A kan hanya lafiya lau take gudu. Amma da an tsaya an ɗaga ƙafa daga totur, sai ta hau tari, bodi na karkarwa, can ta mutu. Mai awon gyada ya ce ba zai ɗora buhunansa a kanta ba, in ba ta gyaru kafin Juma'a ba, wani zai ba lodin. Aka kirawo bakanike daga Gwarzo. Kwana uku yana fama, ya canza fulogi, ya wanke kafireta, a banza. Ƙarshe ya goge hannu ya ce inji ya gaji, sai an sauke, aikin wata guda. Wata guda kuwa gyada ta gama tafiya. 'Yan'uwan Baba suka kawo wani mutumin Kabo da zai saya ya farfasa ta ya sayar da kayan, Baba ya sunkuyar da kai bai ce a'a ba.

Da hantsi maganar ta iske Inna tana kaɗi. Ba ta ko ajiye audugar ba, ta yafa mayafi ta fita, ina biye da ita. Maza cike da ƙofar gida. Ta amsa gaisuwarsu a gajarce, ta ce a tayar da motar.

Bakanike ya yi dariya. "Inna, wannan fa ba saniya ba ce."

"Na sani, ɗan nan. Da saniya ce da tuni ta harbe ka."

Ta juya wajen Baba. Ta ce mako uku ke nan, duk safiya in ya tayar da ita, tana jin wani siririn fito a ƙarƙashin rugugin, tun daga ɗakinta. "Abin da ya gaji ba ya gudu a hanya," in ji ta. "Numfashi take ja ta inda bai kamata ba."

Aka tayar, aka ɗaga murfin inji. Ta ce kowa ya yi mata shiru, kuma wallahi suka yi. Baba ya riƙe mata gefen mayafi kada fanka ta kama. Ta yago ɗan sili na auduga, ta karkatar da kunne, tana bin jikin injin da shi a hankali. Na ga mutumin Kabo yana murmushi. Can ta baya, sai audugar ta fizge daga yatsunta ta manne a bakin wani ɗan bututu. Ta ɗora babban yatsa a kai. Nan take karkarwar ta tsaya, inji ya koma yana tafiya sumul. Ta ɗaga, tari ya dawo. Sau uku ta yi haka, idonta a kan bakanike.

Baba ya yi salati. Motocin lokacin, iskar da inji ke zuƙa ita ke kaɗa abin share gilashi, ta wani siririn tiyo da ke maƙale a wannan bututun. Da ruwan sama ya ɗauke, Baba da kansa ya zare tiyon ya zuƙi fetur daga duro a Sabon Birni, yana ganin ba mai nemansa sai baɗi. Ya bar ƙofa a buɗe, mota na shan iska fiye da ƙima.

Da guntun kara aka toshe, Inna ta naɗe shi da zaren da ta kaɗa. Ta ce wa mutumin Kabo ya gaida gida, ta koma ciki. Ranar Juma'a buhuna suka hau, motar kuma ta ƙara mana kaka shida.

Abin da ke ci mini rai har yau, ba a yi wata ba labari ya juye a gari, wai bakanike ne ya gano. Baba ma, Allah ya jiƙansa, bai cika musawa ba, don kunyar tiyon nan. To ni ina wurin, na ga audugar, kuma ba zan mutu da maganar a bakina ba.

Yanzu ba gyadar, ba motar, ba Inna. Mutane sun daina sauraron abin da ke ciyar da su, sai na'ura ta faɗa musu. A danjar nan na ce wa ɗana ya kashe rediyo. Ya ce, "Hajiya, ke me kika sani game da mota?"

Na ce ya kashe. Ya kashe, muka yi shiru, sai ga fiton nan siriri yana tasowa daga gaba.