Hoton Autanmu a Bakin Gudro

Autanmu ya gama jami'a da takardar ilimin ordinater, wato kwamfuta, ya dawo gida Madawa da jaka ɗaya da kunya cike da ciki. Ni ce yayarsa, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, kuma duk danginmu sun san bakina ba shi da burki. Ranar da ya iso na tambaye shi abin da ya iya. Ya ce a kan takarda suka yi karatun. Malamin yakan zo daga babban birni in ya ga dama, ya karanto, su rubuta, ya koma. Ɗakin na'urori kullum a rufe, mai makullin kullum ya tafi jana'iza.

Na ce, "Ashe iyo aka koya maka a kan tudu."

Bai yi dariya ba. Yaron kuwa ba rago ba ne. Ya samo wata tsohuwar ordinater a hannun wani ɗan cin rani da ya dawo daga Libiya, batirinta a mace, sai an haɗa ta da kuran, wato lantarki, take motsi. Da ita ya zauna ya koya wa kansa abin da takardarsa ta ce an koya masa. Amma duk inda ya kai dosiye, takardunsa na neman aiki, tambaya ɗaya ce: ina ka taɓa aiki? Samarin fada, majalisar hira ta unguwa, suka laƙaba masa injiniya, suna miƙo masa matattun rediyo da tocila, wani marar kunya har da agogon matarsa.

Ana nan sai wasu masu furoje, wato aikin tallafi, suka kama hayar wani gida a bakin hanyar Buza, suka shafe shi da fenti, suka ce cibiyar koya wa matasa ordinater ce. Shugabansu, wani mai tumbi da farin tabarau, ya aiko a kira Auta, ya ce mai diflom yake so ya riƙe wurin. Inna ta dama fura ta raba sadaka gida gida. Ranar buɗewa Auta ya ari rigar mijina. Baƙi suka zo daga ƙasar waje, waɗanda suka ba da kuɗin. Aka zaunar da shi gaban sabuwar na'ura, aka jera ƴan makaranta a bayansa, aka ce ya ɗora hannu ya yi murmushi a ɗauki hoto. Ya raɗa wa shugaban cewa ba a ja wayar kuran ba.

"Ba ruwanka, kai dai dubi gilashin kyamara," in ji mutumin.

Baƙi suka tafa suka tafi. Kafin la'asar an maida na'urorin cikin kwalayensu an loda a mota, wai sai an gama takardu. Damina ta zo ta wuce, awaki suka maida barandar wurin kwana.

Abin da ya rage shi ne allo. Ƙaton allon ƙarfe a bakin gudro, babban titin kwalta, da fuskar ƙanena ta cika shi, haƙora a waje, da rubutun Faransanci cewa ga matashin da ya samu aiki a garinsu. Duk motar albasa ta gan shi, duk mai zuwa kasuwa ya gan shi. In ya bi ta fada sai a ce, "Darakta, an sauko daga allo a sha iska?" Dangi suka riƙa zuwa tun daga Tabotaki da ƴaƴansu, a sama musu wuri. In ya ce ba shi da aiki, sai su koma suna cewa ya samu duniya ya koyi rowa. Inna ta daina bin wannan hanya, tana zagayawa ta bayan kasuwa da ciwon gwiwarta.

Daga baya aka yi shelar aikin gaske a Keita. Wata ƙungiya ce ke neman mai kula da bayanan rijiyoyi da gonaki, kuma sharaɗinsu mai diflom wanda bai taɓa cin moriyar wani furoje ba. A kan na'ura mai rai aka gwada su, Auta ya wuce. Saura ganawa da shugabanni. Na san abin da wannan aiki yake a wurinsa, domin a satin nan ne na fara jin yana waƙa a wurin wanka.

Ya dawo daga ganawar ya zauna a ƙofar ɗakina bai cire takalmi ba. Ya ce wata mata cikin masu tambayar ta ƙura masa ido, ta ce ta san fuskar ga. Ta ce, kai da ke da cibiya guda, ka bar wa marasa aiki mana. Ya rantse mata da Allah cewa hoto kawai aka ɗauke shi. Ta ce rantsuwa ba ta shiga dosiye, ya kawo takarda daga masu furojen can cewa bai taɓa yi musu aiki ba, kafin ƙarshen sati.

Ni na raka shi biron mai tumbin, wato ofishinsa. Muka tarar da shi yana shan shayi cikin sanyin na'ura. Auta ya duƙa ya gaishe shi, ya yi bayani da ladabi har ya ba ni haushi. Mutumin ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "In na rubuta ba ka yi aiki ba, na rubuta cibiya ba ta aiki ke nan. Wa ya taɓa yanke hannunai da kainai?"

Na ce, "Ai dama ba ta aiki. Awaki ka aiki cikinta. Ka ci da hoton yaron ga, yanzu kuma za ka hana shi cin abincinai? Ba ka tsoron Allah?"

Ko gezau. Ya kurɓi shayinsa, ya ce madam ta kwantar da hankali. Sannan ya juya wajen Auta kamar ba ni a ɗakin.

"Gara ma da ka zo. Baƙin nan za su dawo ran Alhamis su ga ci gaba. In sun ji daɗi, wataƙila a sabunta furoje, sai mu duba maganarka. Ka zo da wata riga dabam, kada su ce hoton bara ne."

Ban taɓa tsanar ɗan Adam irin yadda na tsani mutumin nan a lokacin ba. Na miƙe na kama hannun ƙanena na ce, "Tashi mu tahi."

Bai tashi ba. Ya san Keita ta kuɓuce, ni ma na sani. Ya zare hannunsa daga nawa a hankali, idonsa a ƙasa, ya ce, "Ƙarhe nawa, ranka ya daɗe?"

Mutumin ya ce da hantsi, kuma ya aske gemun nan kafin ya zo.