Kuɓewar Maharazu Maijaki

Maharazu Maijaki bai tashi da noma ba. Falke ne, yana ɗauko gishiri da kanwa daga arewa ya biyo ta Konni ya sauke a Illela. Shekarar da Turawa suka kafa duwatsun iyaka, hanya ta yi wuya, ciwo kuma ya kashe masa jakai. Sai ya wayi gari zaune a gida, abin da bai taɓa yi ba tun da ya girma.

Matarsa Tasalla tana da ɗan fili bayan ɗaki, kusa da rijiya, inda take shuka kayan miya. Da ruwa ya sauka Maharazu ya ce bana shi zai riƙe wurin. Ya kewaye shi da kara, ya shuka kuɓewa, wadda a nan ake ce wa guro, da yakuwa da barkono.

To, mutumin da ya saba canza zango ba ya ganin wuri ya yi masa. Tsiro na fitowa ya ce rana ta yi masa yawa, ya tumɓuke ya kai gindin katanga. Washegari ya ce inuwa ce za ta kashe shi, ya komar bakin rijiya. Barkono ya jure, don dama dashe ake masa. Kuɓewa kuwa ba ta son a taɓa mata saiwa. Ta yi yaushi, ta kwanta. Ya sake shukawa, ya sake yi mata ƙaura, ta sake mutuwa.

Irin da ya rage bai cika tafin hannu ba, yana cikin gora da toka. Daga gidan uwarta Tasalla ta zo da shi, ƙauyen kuma ya watse tun da mutanensa suka guje wa aikin tilas na Turawan Faransa. In wannan ya ƙare, babu inda za ta sake samu.

Ta shuka da hannunta. Da ya tsiro, sai ta iske maigidan tsugune a kansa da ƙaramar fartanya.

"Malam, mi kaka yi nan?"

"Dubawa nika yi. Wurin ga bai yi musu ba."

"Kai na wuri bai yi ma ba. Guro ba jaki na ba, ba ya tahiya Konni!"

Ya miƙe, ya kewaye shingen, ya leƙa rijiya, ya dawo. Tasalla ta ga faɗa ba zai tsare shukar ba. Ta ɗauko mangala, buhun da ake labta wa jaki, ta aza masa a kafaɗa, ta ce ƙasar taki take so, kuma na ruggar Hammadu da ke bayan Kalmalo, ba na kusa ba.

Kullum da safe ya fita, ba ya dawowa sai la'asar, a gajiye, da labarin wanda ya gani a hanya. Taki ya taru har ya fi ƙarfin lambun, Tasalla tana rarraba wa maƙwabta a ɓoye. Kuɓewa ta kai ƙugu, ta yi fure, ta yi 'ya'ya. Waɗanda suka fi girma ta bar su suka bushe a jiki, ta ɓare, gora ta cika har wuya.

Ranar da ta toshe bakin gorar ta ce masa taki ya isa. Maharazu ya dubi ƙofar gida.

"Baɗi fa?" in ji shi. "Ai gwamma a tara tun yanzu."

Ya saɓa mangala ya fita.