Bagaruwar Mahasin

A unguwar Hadayek el-Maadi ta birnin Alƙahira ba a kwatanta gidan Mahasin da sunan layi. Idan ka tambaya, sai a ce maka, "Mai ajala? Wuce gidan burodi, bene na biyu." Ajala shi ne keke a bakin mutanen Sudan, kuma duk unguwar ita kaɗai ce mace mai furfura da za ka gani ta naɗe laffaya, ta ɗaure bakinta a ƙugu, ta hau keke ta kutsa cikin motoci kamar titin na ubanta ne.

A Mai Wurno aka haife ta, a bakin kogi, cikin Hausawan da kakanninsu suka fito da niyyar Makka suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gari. Mahaifinta mai gadin gandun daji ne. Kullum da safe yakan ɗora ta a gaban kekensa su shiga cikin bagaruwa, yana duba inda aka yi sara da inda awaki suka yi ɓarna. Kafin ta iya tuƙa tuwo ta iya tuƙa keke. Mata sun yi surutu har suka gaji, shi kuwa tsohon cewa yake yi, "Ku bar ta, ƙafa ce Allah ya ba ta."

Ciwon mijinta ne ya kawo ta Alƙahira, shekaru da dama kafin yaƙin Sudan. Suka sauka wurin yayanta Ya'ƙub, wanda ke ɗinki a Hadayek. Likitoci suka yi iya yinsu, amma kwana ya ƙare. Da ta gama takaba Ya'ƙub ya ce ta zauna, tunda ba ta da ɗa ko jika da ke jiranta a gida. Ta zauna. Ta yi aikin shara da wanke-wanke a gidajen unguwar Dokki, tana dawowa da ciwon gwiwa da ƙuncin rai, domin garin ya yi mata yawa. Duk inda ta ɗaga kai sai siminti.

Wata rana ta ji ana neman masu ban ruwa a wani daji da wani kamfani ya dasa a bakin hamada, can bayan garin Helwan, wanda ake shayar da shi da ruwan birni da aka tace. Ba ta yi shawara da kowa ba ta tafi. Ta tarar da itatuwan turare a jere kamar sojoji, dogaye, marasa inuwar kirki. Duk da haka da iska ta kaɗa ganye sai ta ji hawaye ya zubo mata. Aka ɗauke ta aiki, aka ba ta tiyo da wani tsohon keke na zagaya layuka.

A cikin kayan da ta zo da su daga gida akwai ƙullin 'ya'yan bagaruwa, waɗanda 'yan Sudan ke kira garad, na turara wa mai tari. Ta fasa su, ta jiƙa ƙwayar, ta shuka a wani kwari da ke ƙarshen dajin inda ba wanda ya damu da shi. Ruwa na nan, rana na nan. Shekara ta bi shekara, sai ga kwarin ya rufe da inuwa mai kauri, tsuntsaye suka tare, furanni rawaya suna zuba a ƙasa. Lokacin da yaƙi ya cinye Sudan, wata ƙanwar mahaifiyarta ta bugo mata waya ta ce dajin da ubanta ya yi gadi an sare shi an yi gawayi, saboda mutane ba su da abin girki. Mahasin ba ta zargi kowa ba. Amma daga ranar ta daina kallon kwarin nan a matsayin abin kamfani.

Sai dajin ya canza hannu. Sababbin masu shi suka ce za su mayar da shi wurin shaƙatawa: turbar keke mai hawa da gangara, rumfunan iyali, wurin shan shayi. Suka kawo manaja, wani matashi mai suna Ja'afar, mai fara'a da saurin magana. Abokan aikinta suka tsorata, ita kuwa murna ta yi. Ta ce daji da ba a shiga ai maraya ne. Da hannunta ta kwashe duwatsu a kan turbar, kuma tun kafin a buɗe ita ta fara gwada gangaren da tsohon kekenta, laffaya na tashi a bayanta, leburori suna ihu suna tafi.

Aka buɗe wurin. Masu kekunan hawan dutse suka riƙa zuwa daga Maadi da sauran unguwannin masu hali, da hulunan kwano da riguna masu ƙyalli. Turbar ta ratsa ta tsakiyar kwarin, domin nan ne ya fi kyau. Ba a jima ba ƙorafi ya fara: ƙaya. Wannan ya fito yana tura keke, wancan ya fito yana zage-zage. Ita kanta Mahasin ƙayar ba ta ƙyale ta ba, sau da yawa ta zauna a gindin itacen da ta shuka tana yin faci tana yi masa tsiya.

Ja'afar ya kira ta ofis.

"Ya hajja, ma'alish, ki yi haƙuri," ya ce. "Itatuwan kwarin nan za a cire su. Za mu sa wasu marasa ƙaya."

"Ranka ya daɗe, a matsar da turbar mana. Ga fili nan har illa masha Allahu."

"An riga an kashe kuɗi a kanta. Khalas, magana ta ƙare."

"A wurinka ta ƙare," in ji Mahasin. "Ni yanzu na fara."

Da safen da aka sa za a yi sara, Isam mai zarton inji, wani ƙato mai rawani ɗan yankin Sa'id na kudancin Masar, ya gangaro kwarin ya tarar da ita zaune a gindin babbar bagaruwar, ta jingine keke, ta hura gawayi tana dafa shayi. Ya tayar da injin don ya tsorata ta. Ta zuba shayi a kofi ta miƙa masa.

"Tashi, ya hajja, kada reshe ya faɗo miki."

"In ya faɗo ai ya san ni."

Isam ya dube ta, ya dubi itacen, ya kashe inji. Ya ce shi a garinsu ba a ɗaga ƙarfe a kan mace. Ja'afar ya zo a fusace, fara'ar nan duk ta gudu. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ta ƙi ko motsi. A nan take ya sallame ta daga aiki, ya sa aka karɓe keken kamfani. Ta fita da ƙafa, butar shayi a hannu, ba ta waiwaya ba.

A gida Ya'ƙub ya ajiye almakashi ya fuskance ta.

"Mahasin, mu baƙi ne. Takardar zamanki ma da ƙyar ake sabunta ta. Baƙo da bakinsa a rufe yake kwana lafiya."

"Yaya, na rufe baki a asibiti, na rufe a Dokki, na rufe da aka ƙone dajin Baba. Wannan karon in na rufe, mutuwa zan yi da ido biyu."

"Itace ne fa!"

"To, itace ne. Ni na haife shi."

Ya'ƙub ya yi tsaki ya koma kan keken ɗinkinsa. Amma da gari ya waye ta tarar ya sa an kawo mata wani keke na hannu daga kasuwar Juma'a, ya jingine shi a ƙofa.

Allon da ke ƙofar dajin ya ce wuri ne na kowa da kowa, da iyalai. Mahasin ta riƙe wannan magana da haƙori. Ta bi gida-gida a Hadayek tana gaya wa matan Sudan cewa akwai inda garad ke zuba a ƙasa, akwai inuwa irin ta gida. Matan da suka yi shekaru a ƙuntace cikin ɗakuna, musamman waɗanda yaƙi ya koro, ba su jira an maimaita ba. Ta je har unguwar Madinat Nasr wurin wata ɗaliba 'yar Katsina, Nana Khadija, wadda Ya'ƙub ke yi wa ɗinki, ta ce ta tara mata ƙawayenta.

"Inna, ni fa ban iya keke ba," in ji Nana Khadija.

"Wa aka haifa da shi? Yalla, maza sa takalmi."

Ranar Juma'a ƙaramar bas ta sauke su a ƙofa, da tabarmi da kuloli. Suka yanki tikiti kamar kowa, suka bi ta gaban ofishin Ja'afar, Mahasin a gaba tana tura kekenta. Ta ɗaga masa hannu. "Yau ni baƙuwarka ce, ranka ya daɗe. A yi mana hidima da kyau."

Suka baje a kwarin. Tsofaffi suka tsinci garad suna shinshinawa, wata ta fashe da kuka, wata ta kama waƙa. Mahasin ta riƙe wa Nana Khadija sirdi tana gudu a bayanta har yarinyar ta faɗa cikin yashi, ta tashi tana dariya da hijabi cike da ƙura ta ce a sake.

Daga nan suka raba kwana. Kullum aka buɗe ƙofa sai an sami mace biyu ko uku zaune a ƙarƙashin bagaruwa, suna tsinke ganyen miya ko suna tilawa. Isam yakan gangaro da injinsa, ya gaishe su, ya sha shayi, ya koma ya ce wa manaja akwai mutane.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. Aka yi rasuwa a Hadayek, wata tsohuwa da kowa ya sani, mata duk suka tafi gidan makoki, har da Mahasin. Washegari da ta gangara kwarin ta tarar gefen gabas ya zama fili, kututturai farare suna zubar da ƙaro. An kawo wasu masu sara daga waje. Babbar bagaruwar tana kwance, rassanta a kan turba.

Ta daɗe a tsaye. Ba ta yi kuka ba. Ta cire mayafin kafaɗarta ta shimfiɗa, ta bi rassan da suka faɗi tana tsinke 'ya'yan tana tarawa, ƙaya na yankar hannunta. Ja'afar ya zo ya tsaya daga nesa.

"Ban so haka ba, ya hajja. Daga sama aka matsa mini."

"Na ji. Ka gaya wa na saman, ka ga wannan?" Ta ɗaga ƙullin. "Kowace ɗaya itace ce. Su sayi zarto da yawa."

Ko gajiya ce, ko kunya, ko kuwa ganin matan nan sun zama rabin masu shigowa a ranakun da wurin ke zama fayau, Allah masani. Abin da aka gani dai shi ne an turo motar gyaran hanya ta karkatar da turbar ta bi ta bayan tudu, aka bar sauran itatuwan a tsaye. Ba a mayar da ita aiki ba, ita ma ba ta roƙa ba. Ta koma sharar gidaje a Dokki, amma ta gindaya wa matan gidan sharaɗi cewa Juma'a da Talata nata ne.

Yanzu rigimar da ake ciki ta ruwa ce. An toshe bututun da ke zuwa kwarin, wai ba ya cikin tsarin wurin. Mahasin ta ɗaura jarka biyu a bayan keke, tana cikawa a famfon masallacin ƙofa, tana hawa tudu tana haki, tana gangarawa ta zuba wa sabon dashe. Nana Khadija, wadda yanzu ba ta faɗuwa sai jefi-jefi, tana biye da ita da tata jarkar. Wasu daga cikin masu hulunan kwano ma sun fara ratsowa su huta a inuwar, kafin su tashi kuma sai su juye ragowar ruwan gorarsu a gindin dashen.

Talatar da ta wuce mai gadin ƙofa ya tare ta, yana sosa ƙeya, ya ce an ba shi umarni kada a sake shiga da jarka.

"An hana shiga da ruwan sha?" ta tambaye shi.

"A'a, na sha ba a hana ba."

"To, na sha ne. Ba a dai faɗi wanda zai sha ba." Ta ɗora ƙafa a feda. "Matsa min, ɗana, rana na yi."