Sunan Baba Anselme a Bayan Azurfa

Ranar Talata, 9 ga Mayu 1989, rai ya yi halinsa. Baba Anselme Peyrard, mai zanen ado a jikin bindigogi na garin Saint-Étienne, ka tafi kana da shekara saba'in da huɗu. Ni Odile, wadda ka koya wa dasa zinariya a jikin ƙarfe, nake rubuta wannan, kuma raina a ɓace yake.

Na tuna ranar da na ɓata zanen wata barewa, na fashe da kuka. Ka miƙo mini rabin burodinka da cuku, ka ce, "Share hawaye, 'yata. Naki ma ya fi nawa na farko, shi kam akuya ya fito."

Shekara shida ka duƙufa kan bindigar farautar nan mai shekara ɗari biyu, wadda tsatsa ta cinye. Ka dawo mata da furanninta na zinariya ɗaya bayan ɗaya, ka ƙera mata sabon farantin azurfa a gindi. A nan idonka na dama ya mutu.

Al'adarmu ita ce mai zane ba ya sa suna, sai na mai shago. Na sha yi maka ƙorafi, kana cewa, "Aiki ya san mai shi."

To Baba, aiki ba ya magana! A coci, kan gawarka, mai shagonmu Vialleton ya miƙe yana wani share ido, ya ce, "Bindigar da na gyara za ta shiga gidan tarihi ranar Litinin." Da NA gyara! Mutumin da ko guduma bai iya riƙewa ba! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi da ba don idon matarka ba, da na tsinka shi a gaban limamin cocin.

Ka yafe mini, na karya al'ada. Jiya na kwance farantin azurfar, na zana sunanka a bayansa, na mayar. Ban taɓa ainihin ƙarfen bindigar, aikin magabata, ba, na san ba za ka yarda ba. Vialleton ya kama ni da abin zanen a hannu, ya ce in goge ko in bar masa shago. Na tattara kayana.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ya ba matarka Léonie da 'yarka Solange haƙurin wannan rashi.